Ɗakin da Mama ta ware wa Yesu

Ranar da aurena ya mutu na dawo gidanmu a unguwar Daɗin Kowa ta Jos da akwati biyu da jakar bakko da wata tukunya da na rantse ba zan bar musu ba. Daga Kuru na ɗauko shatar mota, ana yayyafin nan na watan Agusta mai shiga ƙashi. Shekara shida na yi a gidan mutumin ban haihu ba, har danginsa suka zauna taro a kaina kamar ni ce rikicin gona. Shi kuwa bai ce uffan ba. Ya dai taya direba ɗora kaya, wannan kam ba zan ci masa haƙƙi ba.

Na tarar da Mama a ƙofar kicin tana gyaran alayyafo. Ta dubi akwatunan, ta dube ni, ta daɗe tana duban tukunyar.

"Kin zo hutu," ta ce.

"Mama, dawowa na yi."

"To sannu da zuwa hutu. Akwai gwate a wuta."

Gidan namu ɗaki biyu ne da falo da kicin da ɗan sito. Baba ne ya gina shi kafin ya rasu, ɗaki ɗaya nasu, ɗaya nawa, don ni kaɗai suka haifa. Na ja akwati na nufi ɗakina. Mama da take kukan ciwon gwiwa ta riga ni isa, ta tsaya a bakin ƙofar da wuƙar alayyafo a hannunta.

"Kin san akwai mai shi," ta ce.

Na sani kuwa. Duk unguwar ta sani. Sai dai lokacin da nake da gidan kaina abin dariya ne a gare ni, har labarinsa nakan ba mutane a wurin biki.

Ga yadda aka yi. Lahadin da ta biyo bayan bikina Baba Pasto ya yi wa'azi a kan cewa Yesu yana neman shiga gidan kowa, ya tambayi jama'a, in ya zo yau, wa ke da wurin sauke shi? Kowa ya ce amin ya tafi gida ya ci shinkafarsa. Mama kaɗai ta ɗauka amsa ake nema. Ta dawo ko kayan coci ba ta cire ba ta hau sharar ɗakina. Da Litinin ta tafi Dilimi wurin mai katifa, wani dattijo Musulmi da tun zamanin Baba shi ke yi mana katifa da filo. Ya tambaye ta nauyin wanda zai kwanta, don a cewarsa katifa kamar takalmi take, kowa da tasa. Mama ta ɗan yi tunani ta faɗa masa da sunan da zai gane.

"Annabi Isa ne."

Ita ta ba ni labarin, ta ce mutumin ko murmushi bai yi ba. Ya shiga ciki ya jawo soso mafi kauri a shagon. Shi da kansa ya kawo katifar gida, ya cire takalmi kafin ya shiga ɗakin, da zai tafi ya ce, "Mama, ai mu ma muna jiransa. In ya iso a kira ni."

Daga nan abin ya zauna. Bargo biyu ta shimfiɗa, wai daga ƙasa mai zafi zai zo, bai san sanyin Jos ba. Ta ajiye tocila saboda ɗauke wuta, da sabon buroshi da tawul, da manyan silifas na maza a gaban gado. Na taɓa tambayar ta yadda ta san girman ƙafarsa, ta ce wanda ya yi rayuwarsa yana tafiya a ƙasa ƙafarsa ba za ta zama ƙarama ba. Filas biyu ta saya. Kowace safiya takan dafa shayi mai citta ta cika ɗaya, ta je ta buga ƙofar sau uku, ta ce, "Salama, Ubangiji." Ta ɗan jira. Sannan ta buɗe, ta ajiye sabon shayin, ta fito da na jiya ta shanye shi da sanyinsa, don ba a zubar da shayin Ubangiji. Shekara shida ke nan uwata ba ta sha shayi mai zafi ba.

"To ni ina zan kwana?" na ce.

Falo ba zai yiwu ba, a nan matan zumunta na cocinmu suke koyon waƙa ran Talata da Alhamis, in suka ga shimfiɗa za su ce na dawo. Ɗakinta ma ba zai yiwu ba, wai matar aure ba ta kwana a gadon uwarta, ban san inda ta samo wannan dokar ba. Sito ya rage. Ta matsar da buhunan dankalin turawa da ƙanwarta ke aiko mata daga ƙauye, ta jawo tsohuwar katifata ta makarantar kwana ta shimfiɗa a tsakaninsu.

"Kwana biyu ne ai," ta ce. "Ki lallaɓa."

A nan na gane abin da take gudu. In ta buɗe mini ɗakin, ta yarda aurena ya ƙare ke nan. Ita ce kuwa shugabar matan zumunta, ita ke zaunar da amare tana koya musu haƙurin gidan miji. Muddin ina cikin dankali, hutu nake yi.

Kwana biyu suka zama mako uku. Sito ba shi da taga sai 'yar kafa a sama, simintin ƙasa kuma da damina jiƙe yake. Na fara tari. Kayana suka ɗauki warin dankali, har a coci wata da ke gabana ta waiwayo tana shinshina iska. Dankalin da ke kusa da kaina suka fara tsiro, kowace safiya in na buɗe ido su nake gani, su ko a buhu ma haihuwa suke yi.

Maƙwabciyarmu 'yar Ibo ce mai shagon magani, Madam muke ce mata. Ta kawo mini maganin tari, ta leƙa sito, ta riƙe haɓa. "Mama, wannan yarinya zai mutu cikin dankali fa," ta ce da irin Hausarta. Mama ta ce hutu nake yi. Madam ta ja ni gefe ta ce akwai ɗan wuri a bayan shagonta, duk ranar da na gaji da hutun in zo.

Gaskiya zan faɗa, a lokacin na yi fushi da Yesu, fushi na sosai. Shekara shida ina roƙonsa ɗa. Azumi, man zaitun, hawa dutse addu'a, babu wanda ban yi ba. Bai ba ni ba. Na dawo gidan ubana kuma na tarar ya riga ni ɗaki, da bargo har biyu, alhali ko kwana ɗaya bai taɓa yi a ciki ba. Na daina addu'a. In Mama ta ce mu rufe ido kafin cin abinci, ni idona biyu, ina hararar ƙofar nan.

Da tarin ya ƙi tafiya sai na je na sami Baba Pasto a ofishinsa, tun da shi ya jawo. Ya saurare ni yana sosa ƙeya. Ya ce ya daɗe da sanin zancen ɗakin, ƙarfin halin tunkarar Mama ne bai samu ba. Ya yi mini alkawari zai zo.

Ran Laraba da yamma ya zo. Ya zauna a falo, ya sha ruwa, ya gyara murya.

"Mama, wa'azin nan da na yi, zuciya nake nufi. A zuciya ake sauke Ubangiji."

"Na sani, Baba Pasto. A zuciya yana nan tun ranar da aka yi mini baftisma a rafi, kai lokacin ko makaranta ba ka shiga ba. Amma zuciya wurin kwana ce? Ina zai miƙe ƙafa?"

"Mama, ai shi ba kamar mu ba ne, ba ya buƙatar..."

"Kai da ka je taron pastoci bara, a zuciyarsu suka sauke ka ko a ɗaki?"

"A ɗaki."

"To."

Sai Baba Pasto ya ce ko zai iya ganin wurin. Na ce a raina yauwa, yanzu zai ga ɓarnar da ake yi. Ya cire takalmi ya shiga. Ya danna katifar da hannu biyu, ya ce tasa ta gida ba ta kama ƙafar wannan ba. Kafin in ankara, mutumin da na kira ya ƙwato mini ɗaki ya ɗaga hannu yana sa wa ɗakin albarka, Mama tana amsawa da amin. Da na raka shi bakin get ya kasa haɗa ido da ni.

"Ki yi haƙuri, 'yata," ya ce. "Shekara talatin ina wa'azi, wannan ne kaɗai na ga ya yi aiki."

Ran Asabar ɗin mako na huɗu Mama ta tafi kasuwa tun da safe. Na san inda take ajiye makulli, cikin gwangwanin madara a saman kabet. Allah ya sani ba da niyyar kwanciya na shiga ba, na dai ce bari in zauna minti biyar in ga ko ɗakin zai gane ni. Yana nan yadda na bar shi. Har zanen da Baba yakan yi da biro a jikin ƙofa yana auna tsawona bai goge ba. Na buɗe filas, tururi ya tashi. Na zuba kofi ɗaya na sha, na ƙara, na sake ƙarawa. Sai na ce bari in gwada katifar nan da ake ta yabo. Na ja bargon duka biyu.

Ƙarar get ce ta tashe ni, rana ta riga ta karkata. Na diro, na kulle ƙofar, na jefa makullin cikin gwangwani, na shige sito ina haki. Gado da kofi duk na bar su yadda suke.

Hadari ya haɗu, Mama ta ajiye kayan cefane ta ce bari ta rufe wa Ubangiji taga. Na ji ta buɗe ƙofar. Na jira ihu, ban ji komai ba. Can sai ga ta ta fito tana takawa a hankali, ta tsaya a bakin sito. Ban taɓa ganin fuskar uwata haka ba, ko ranar bikina. Ta koma kamar yarinya.

"Ya zo," ta ce. "Ya sha fiye da rabin filas."

Na buɗe baki in faɗa mata, na kasa. Ni da ake tsoron bakina a unguwa, ranar na rasa kalma ɗaya.

Kafin awa guda tsakar gidan ya cika da matan zumunta, kowa da zaninsu iri ɗaya, an kawo tulun kiɗa da caki. Suka yi layi suna leƙawa daga bakin ƙofa, don Mama ta hana kowa taɓa gadon. Wata ta ce ita tun da asuba ta ji iskar unguwar ta canja. Wata ta ce ta ga wani dogo mai fararen kaya yana tsaida keke a bakin titi, da ta sani da ta gaishe shi. Aka yi gardama a kan dalilin da bai sa silifas ba, aka tsaya a kan cewa sun yi masa kaɗan. Mama kuwa damuwarta ɗaya, ba ta ajiye burodi ba, ya sha shayi haka nan gaya. Madam ta shigo ta dubi kofin, ta dube ni, ta matso kusa da kunnena ta ce yau tarina ya yi sauƙi. Na yi kamar ban ji ba.

Ni ina raɓe jikin bango, kunya ta ishe ni. Ganin yadda abin ya faranta mata rai, da wataƙila na bar ta da abinta har ta mutu. Amma Mama mai cika alkawari ce. Ta ɗauko waya ta kira mai katifa na Dilimi.

Ya iso bayan la'asar a kan mashin ɗinsa, ruwa ya ɗan taɓa shi. Ya gaida matan, ya cire takalmi. Shi kaɗai Mama ta bari ya shiga, tun da katifarsa ce. Ya tsuguna a gefen gadon ya karkatar da kai yana duban shimfiɗar ta gefe, kamar kafinta yana duba katako. Ya auna da tafin hannu daga filo zuwa inda lotsawar ta ƙare. Ya daɗe. Sannan ya miƙe ya gyara hula.

"Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Soson nan ya daɗe ba a hau shi ba, shi ya sa ya riƙe shaida. Wanda ya kwanta a nan gajere ne, kuma ba shi da nauyi. A gefen hagu ya kwanta, a dunƙule, gwiwa a ƙirji, hannu ɗaya a ƙarƙashin filo. Mai jin sanyi ne, ko mai damuwa. Allah ne masani, amma silifas ɗin nan yawa za su yi masa."

Mutum ɗaya ne a duniya Mama ta sani da irin wannan kwanciyar, shekara ashirin da ɗoriya tana ja masa bargo a haka. Ta juyo a hankali tana nemana da ido. Tarin da na danne tun ɗazu kuma ya zaɓi wannan lokacin ya taso.

Tun da abin ya kai haka sai bakina ya dawo.

"Ni ce," na ce. "Ni na sha shayin, ni na kwanta. Kuma ba hutu na zo ba, ku ji da kyau ku kai gaba. Korata suka yi don ban haihu ba. Mako huɗu ina kwana da dankali a gidan ubana, ga ɗaki a kulle ana jiran wanda duniya duka tasa ce."

Matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mai tulun ta rufe bakinsa da gefen zaninta don kada ya yi ƙara. Mai katifa ya sa takalminsa, da ya zo wucewa ta gabana ya rage murya ya ce, "Ga mai nauyinki ta ɗan yi tauri, 'yata, amma za ta saba."

Na shiga sito na tattara kayana. Na ja akwatunan zuwa bakin get, na ɗora tukunyar a kai. Raina ya ɓaci, kuma ina tausayinta, don na san abu biyu na fasa mata a rana ɗaya, baƙon da ta yi shekara shida tana jira da mutuncinta a gaban matan da take shugabanta. Tana zaune a kan 'yar kujerarta ta kicin, hannu a cinya.

"Ina za ki?"

"Bayan shagon Madam."

"Ajiye tukunyar nan ki zo ki kama mini."

Ta miƙe ta shiga ɗakin. Ta ɗauko silifas ta ɗora mini a hannu, ta ɗora tocila, buroshi, tawul, ta naɗe bargo ɗaya ta ɗora a sama. Ta wuce gaba, na bi ta har sito. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakanin buhunan, ta gyara tsohuwar katifar makarantata, ta shimfiɗa bargon.

"Mama, me kike yi?"

"Sauya masa wuri nake yi. Shi ya saba, a wurin dabbobi aka haife shi, dankali ba zai dame shi ba. Ke ce mai tari."

Ta sunkuya tana jera silifas ɗin a gaban katifar, ta ba ni baya.

"Da kika tafi ɗakin ya yi mini shiru," ta ce. "Babanki babu, ke babu. Na ce bari in ba wanda ba zai yi aure ya bar ni ba."

Ta gyara silifas ɗin da suka riga suka gyaru.

"Da gaske korar ki suka yi?"

"Da gaske."

"Har da shi?"

"Shi ya ɗora akwatin a mota."

Ta ja hanci. "Gara da kika ɗauko tukunyar."

Na mayar da akwatunan ciki. Kafin duhu ya yi ina zaune a bakin gadon ina kallon ruwa yana sauka a taga, na samu kaina ina yi wa Yesu magana, karo na farko cikin wata guda. Na ce ya yi haƙuri da shayin da na sha masa. Na ce har yanzu ban gama fushi ba, kada ya ɗauka na gama. Sannan na dafa ƙirjina na ce in sito ya yi masa sanyi akwai wuri a nan, ba a share yake ba, rabona da gyara shi tun bara, amma ya shigo haka nan, ma ƙarasa maganar a ciki.

Da safe na ji bugu a ƙofa, sau uku. Na ɗauka mantuwa ta yi.

"Salama," ta ce. Ba ta ƙarasa sauran ba.

"Shigo, Mama."

Ƙofar ba ta motsa ba. Na tashi na buɗe. Tana tsaye ta rungume filas a ƙirji.

"Sake faɗa," ta ce. "Shekara shida ina buga ƙofar nan."

Na mayar da ƙofar na rufe. Ta sake bugawa sau uku, na sake cewa ta shigo. Ta shigo ta zauna a bakin gado ta zuba mana kofi biyu. Ta kurɓi nata da ƙarfi yadda ta saba, ya ƙona mata harshe, don ta manta shayi yana da zafi.